Shirin dawowar Almasihu: a fara da sulhu

'Yan'uwa cikin Ubangiji, masu lissafin ranar dawowar Yesu suna wahalar da kansu ne kawai. A Matiyu 24:36, ko mala'iku ba su san ranar ba, sai Uba kaɗai.

Shawarata, kowace yamma ka tambayi kanka: akwai wanda nake riƙe da shi a zuciya? In akwai, kira shi ku sasanta, kada rana ta faɗi kana fushi (Afisawa 4:26). Bashin da ke kanka ma, fara biya, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Kuma don Allah kada wani ya ajiye sana'arsa wai yana jiran busar ƙaho. Bulus ya tsawata wa masu zaman banza a Tasalonika, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci.