Yadda za ka nemo M87 da daddare ka gane yadda ta yi wannan ƙiba

In an ce galaksi, wato babban taron biliyoyin taurari, yawancinmu mai hannaye a murɗe muke hangowa, amma manyan ƙattin dunƙule suke kamar ƙwai, taurarinsu tsofaffi jajaye, gas ɗin haifar sabbi ya kusa ƙare musu. To ta ina suke ƙara girma? M87, ɗaya daga cikin ƙattin nan, za ta nuna maka.

Fara da sauke Stellarium, manhajar taswirar sama, a waya. Ka bari sai wajen Afrilu, hazo ya kwanta damina ba ta kankama ba, daren da babu farin wata, in an ɗauke wuta ma gaba ta kai ka. Rubuta M87, za ka gan ta tsakanin taurarin Denebola da Vindemiatrix. Ido zalla ba zai kama ta ba sai da ƙaramin teleskof, kuma kar ka sa ran irin hoton NASA don Allah, ɗan tabo ne kamar ɗigon nono a baƙin zane, haskensa ya yi wajen shekara miliyan 53 a hanya.

Sai ka tsaya kan tsakiyar, wurin da ya fi haske. Wannan shi ne cikin birni, shi aka fara ginawa. Teleskof ɗin Hubble da ke sararin samaniya ya hango irin waɗannan galaksi yadda suke shekara biliyan 10 baya, nauyi ga shi nan amma faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa biyar na na yanzu ba, a cunkushe.

Yanzu kauda ido kaɗan gefe, gefen ido ya fi kama haske mai rauni, za ka ga wani hazo-hazo ya kewaye ta. Nan ne unguwannin bayan ganuwa. Ƙananan galaksi ne suke faɗowa tana yagalgala su, taurarinsu ba sa kai wa ciki sai su baje a waje, shi ya sa nauyi ya ɗan ƙaru faɗi kuwa ya yi tsalle. In nauyin ya ninka biyu ta wannan hanya faɗin zai iya ninka huɗu, in kuma manya biyu ne suka haɗe sai ya tsaya a biyu. A 2015 ma masu bincike a ESO, cibiyar nazarin taurari ta Turai, sun ce M87 ta haɗiye wata galaksi sukutum cikin shekara biliyan ɗaya da ta wuce.

Daga nan nemo hoton galaksin NGC 1277 a intanet ka ajiye kusa da nata. Ita ba ta samu abin ci ba, tana nan ƴar cunkus kamar yadda aka haife ta.