Yadda za ku haɗa sujadar tarayya a unguwa ba tare da ɗarika ta raba ku ba

In kuna so majami'un unguwarku su yi sujada tare, ko ta Kirsimeti ce ko makon addu'ar haɗin kai da ake yi 18 zuwa 25 ga Janairu, to kar ku fara da buga fosta. Ku fara zuwa wurin shugaban CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na yankinku. Ita CAN tun 1976 take, kuma rukuni biyar ne a ciki: Katolika, CCN irin su Anglikan da Methodist, 'yan Pentikostal, OAIC wato majami'un da 'yan Afirka suka kafa, sai TEKAN (Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya) da ECWA a rukuni ɗaya. Kwamitinku ya samu mutum daga kowane rukunin da ke garin, don in aka manta da ɗaya tun ba a fara ba an yi fushi.

Sai maganar wuri. Gaskiya filin firamare ya fi, in kuka ce cocin wane, gobe za ku ji ana cewa sun kwashe mana membobi.

Inda aikin yake shi ne tsarin sujadar. Jibin Ubangiji ku bar shi gaba ɗaya, Fada ba zai ba wanda ba ɗan Katolika ba, kuma ba raini ba ne, dokar ekklisiyarsu ce, kar ku sa shi a tsaka mai wuya gaban jama'a. Baftisma ma haka, Katolika da Anglikan da LCCN ('yan Lutheran) suna yi wa jarirai, ECWA da Baptist kuwa sai mutum ya girma ya ba da gaskiya a nutsar da shi a ruwa, wannan muhawarar ta girmi kakanninmu, ba a fili ɗaya da yamma za a gama ta ba. Ku gaya wa mai wa'azi tun da wuri ya tsaya kan nassi irin Yohanna 17, ban da habaici, kuma a yanka masa lokaci, minti 25 ya isa.

Addu'ar Ubangiji kowa ya iya, amma ku sani 'yan Katolika sukan tsaya kafin layin ƙarshe mai farawa da "gama mulki", sai mai jagora ya faɗa tun farko yadda za a ƙarasa. Masu addu'a da harsuna a roƙe su da ladabi su sassauta a makirfo.

Waƙa kam a sakar wa zumuntar mata fili. Kowace ƙungiya da zaninta, ga tulu ga kacau-kacau, nan ne za ka ga 'yar COCIN da 'yar EYN sun haɗa baki ba wanda ya tambayi ɗarikar wani.

Baiko kuma a yanke inda za shi kafin ranar, gwauraye ko marayu ko 'yan gudun hijira, mutum biyu daga majami'u daban su ƙirga a gaban kwamiti, a karanta adadin a kowace majami'a ranar Lahadi mai zuwa.