Yadda Ake Haɗa Fondun Cuku Mai Zaƙi, Wanda Ake Dangwala da Ɗuminsa

Fondu abincin mutanen Suwizalan ne: a narkar da cuku a tukunya, a girke ta tsakiyar tebur bisa 'yar wuta, kowa ya soki guntun burodi ya dangwala. Mai zaƙin daga baya ya zo, domin sai a shekarun 1960 wani gidan abincin 'yan Suwizalan da ke birnin New York ya fito da na cakulan. Wanda za mu haɗa a nan ɗanɗanon kek ɗin cuku ne da shi, wato ciskek, sai dai ba a gasa shi, babu ƙwai, kuma da ɗuminsa ake ci, ana tsoma 'ya'yan itace da biskit. Ya dace da daren hunturun Zariya, lokacin da yara ba sa marmarin abu mai sanyi, ko ranar da ƙawaye suka zo yini aka gama cin abinci ana neman abin taɓa baki.

Uwargida, abu guda za ki riƙe tun daga farko: wannan haɗin ba ya son wuta. Kusan duk wadda nata ya lalace, tafasa ta bari ya yi.

Mu fara da cukun, don shi ne ke ba mutane wahala. Ainihin abin da ake so shi ne cuku mai laushi na shafawa, wanda ake kira kirim cis, irin su Philadelphia. A jihar New York ta Amurka aka fara sarrafa shi a 1872, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa mai ne, shi ya sa yake narkewa sumul. Ba kowane kanti ke ajiye shi ba, in an samu kuma da tsada. Kada ki maye gurbinsa da cukun Buzaye busasshe, ba zai narke ba. Haka awarar madara, ita ma zafi ba ya narkar da ita, sai dai ya ƙara mata tauri.

Mafita tana cikin kindirmo. Ki sami lita ɗaya na kindirmo mai kauri wanda ba a cire masa mai ba, ba a zuba masa sukari ba. Tsala ba zai yi ba, an kaɗe mansa, ruwa ya fi yawa. Idan ba ki amince da na kasuwa ba, ki haɗa naki: ki tafasa ruwa lita ɗaya, ki bari ya huce har ki iya riƙe yatsa a ciki ba tare da ya ƙone ki ba, ki dama madarar gari mai cikakken mai kofi biyu, ki zuba cokali uku na kindirmo a matsayin iri, ki juye a kula ki rufe. Awa shida zuwa takwas ya isa, amma da sanyi yakan kai goma. In ya kwanta, sai ki shimfiɗa ƙyallen tatar kamu mai tsabta a kan kwando, ki ɗora kwandon bisa roba, ki juye kindirmon ciki, ki barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, ki sa a firij ya kwana yana ɗiga. Idan wuta ba ta tsayawa, ki sa robar cikin babbar kula da ƙanƙara. Da safe za ki tarar da ruwa mai launin ɗorawa-ɗorawa a ƙasa, a cikin ƙyallen kuma dunƙule fari wanda cokali zai tsaya a ciki. Lita ɗaya kan ba da wajen giram 400, daidai abin da ake buƙata. Ruwan nan kada ki zubar, yana kyau a kwaɓin fanke.

Ga awon na mutum shida. Cuku mai laushi ko tataccen kindirmo giram 400. Madarar ruwa ta gwangwani ƙarami ɗaya, da ruwa rabin gwangwanin. Sukari rabin kofi, wato giram 100. Garin konfulawa cokalin cin abinci ɗaya idan cukun kanti ne, biyu idan kindirmo ne, a shafe ba a tula ba. Bota cokali biyu, a ƙara na uku ga mai kindirmo, don mansa bai kai na cukun ba. Filebon banila cokalin shayi ɗaya, kankararren ɓawon lemun tsami guda ɗaya, da gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ruwan lemun tsami cokalin shayi biyu, amma wannan ga mai cukun kanti ne kawai. Kindirmo ya zo da tsaminsa.

Ki fito da cukun daga firij awa ɗaya kafin ki fara, ki murje shi da bayan cokali ko maburgi har ya yi laushi babu gudaji. Wannan matakin ake yawan tsallakewa, kuma cuku mai sanyi in ya faɗa cikin abu mai zafi, wajensa ne ke narkewa cikinsa ya dunƙule. Gudajin da ya samu a nan da wuya ya baje daga baya.

Sai gindin haɗin. A ƙaramar tukunya mai kaurin gindi, tun ba ki ɗora a wuta ba, ki dama konfulawar da ruwan nan rabin gwangwani har ta narke, sannan ki zuba madara da sukari da gishiri. Ki ɗora a wuta ƙasa-ƙasa kina juyawa ba tsayawa, muciyar tana shafar gindin tukunya. Cikin minti uku zuwa huɗu za ki ji ya fara riƙe hannu, ƙananan kumfa na tasowa a gefe. Ki ba shi minti ɗaya a haka don garin ya dahu, in ba haka ba za a ji ɗanyen gari a harshe. Ki sauke, ki jefa bota ki juya. Wannan ne kaɗai lokacin da aka yarda wani abu ya kusa tafasa, kuma dalilin shi ne madarar gwangwani tana jure zafi, cuku kuwa bai shiga ba tukuna.

Amfanin konfulawar ya wuce kauri. Cuku da kindirmo suna da tsami, kuma furotin ɗin madara in tsami da zafi suka haɗu masa sai ya cure wuri guda ya saki ruwa, abin da muke cewa ya tsinke. Dafaffen sitaci yana shiga tsakani ya hana curewar. Shi ya sa mai kindirmo take ninka garin, nata ya fi saurin tsinkewa.

Yanzu ki zuba ruwa a wata tukunya, tsayin gaɓar yatsa biyu, ya yi zafi har yana tururi amma ba ya zaɓalɓala. Ki ɗora kwanon silba ko na tangaran a bakinta, yadda gindin kwanon ba ya taɓa ruwan. Ki juye damammiyar madarar a kwanon, ki bar ta minti biyu ta rage zafi, sannan ki riƙa zuba cukun cokali biyu-biyu, kina juyawa sai wanda kika zuba ya ɓace kafin ki ƙara. Zai ɗauki minti shida zuwa takwas. Kada ki gaji ki ƙara wuta. Mai ma'aunin zafi ta tsaya tsakanin digiri 55 da 60. Marar shi ta duba da ido: tururi siriri yana tashi, fuskar haɗin tana sheƙi, babu kumfa ko ɗaya. Da kin ga kumfa, ki ɗauke kwanon daga kan tukunyar.

Banila da ɓawon lemu da ruwan lemu su ne na ƙarshe, bayan kin sauke. Wajen kankare ɓawon, koren sama kawai za ki ɗauka, farin da ke ƙasa ɗaci ne. Kaurin da ake nema irin na kunun gyaɗa ne mai kauri: ki tsoma yankan ayaba, ki ɗago, ya lulluɓe ta ya ɗiga sau ɗaya ko biyu ya tsaya. In ya zube duka, ya yi ruwa, sai ki dama konfulawa cokalin shayi ɗaya da madara, ki dafa daban ta yi kauri, ki haɗe. In kuma ayabar ta karye a ciki, ya yi kauri da yawa, ki saki shi da madara mai ɗumi cokali-cokali. Ki tuna yana ƙara kauri idan yana hucewa, gara ki sauke shi da ɗan saki.

In ya riga ya tsinke, kin ga ƙanana-ƙananan tsaki da ruwa a gefe, ba lallai a zubar ba. Ki tsoma gindin kwanon cikin ruwan sanyi, ki zuba madara mai sanyi cokali biyu, ki buga da ƙarfi. Bai haɗu ba, ki juye a bilenda na daƙiƙa talatin, ki tace da rariya, ki mayar kan tururi a hankali. Wanda ya kama a gindi har ya yi ƙauri shi ne ba shi da gyara, don madara tana ɗaukar warin ƙuna gaba ɗaya.

Abin da ke sa a ji kamar ciskek ake ci shi ne garin biskit. Ki daka Digestive guda shida, ba lukui ba, da ɗan tsaki-tsaki, ki soya shi sama-sama a bota cokali ɗaya na minti biyu har ya yi ƙamshi. Ki zuba a ƙaramin kwano gefen fondun, wanda ya dangwala sai ya sake dangwalawa a garin. Kada ki juye shi cikin haɗin, zai jiƙe ya zama taɓo. Mai son ɗanɗano na gida ta rage sukarin zuwa rabi, ta narkar da mazarƙwaila da ruwa kaɗan, ta tace saboda tsakuwa, ta yaryaɗa a sama. Launin zai ɗan yi duhu, amma ƙamshin rake da tsamin kindirmo suna tafiya tare ƙwarai.

Abin tsomawa kuwa, a zaɓi mai ƙarfin da zai tsaya a tsinke. Ayaba wadda ba ta nuna luguf ba, tuffa, dabino da aka cire ƙwallo, inabi, wanda yanzu ake nomawa a Kudan, nan kusa da Zariya, da sitiroberin Jos in lokacinsa ne. Yankakken kek na jiya ya fi na yau, don sabo marmashewa yake yi. Burodi a gasa shi ya ɗan bushe. Tuffa da ayaba ki shafa musu ruwan lemun tsami kada su yi baƙi. Duk abin da kika wanke ki tsane shi da tawul sosai, ruwan da ke jikin 'ya'yan itace ne ke sa haɗin ya zame ya ƙi kamawa, kuma a hankali ya tsinka na cikin kwano. Kankana saboda haka ba ta dace ba. Abarba da gwanda a tsoma a ci nan take, amma kada a bar guntunsu a ciki: ɗanyunsu suna da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, in suka jima sai haɗin ya saki ya soma ɗaci.

Ba sai kin mallaki tukunyar fondu ba. Ki zuba ruwan zafi a faffaɗar kula, ki zaunar da kwanon a ciki, zai riƙe ɗumi wajen minti arba'in, in ruwan ya huce a sauya. Kaskon ƙasa da aka ɗumama da ruwan zafi aka goge shi ma yana riƙe zafi. Mai ƙaramin kyandir na ƙarƙashin kwano ta riƙa juyawa duk bayan minti biyar, domin wutar wuri ɗaya take duka, nan ne zai kama. Garwashi dai kada a shigo da shi ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, iskar da yake fitarwa ba a ganinta ba a jin warinta, kuma tana kisa.

Ki ba kowa tsinken tsire nasa, ga yara ƙanana kuma cokali mai yatsu, ko ki ɗiba musu a 'yan kofuna. Abin da aka gatsa kada ya koma kwano. Daga lokacin da kika sauke, awa biyu ne iyakar zamansa a waje, domin madara mai ɗumi wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ce. Wanda aka ci a ciki ya rage, a zubar. Wanda kika ware tun farko ba a taɓa ba, ki rufe ki sa a firij, zai yi kwana biyu. Zai daskare ya yi kauri, a shafa a burodi haka nan, ko a mayar da shi kan tururi da madara cokali biyu.