Yadda za ka zaɓi rimot ɗin zum da fokas na kyamarar bidiyo

1. Kafin ka taya kowane rimot, juya kyamararka ka duba ramin da ake soka shi. Nan ne yawancin masu saye ke yin asara. Kyamarorin Sony da Canon da dama suna aiki da tsarin LANC, mai ƙaramin rami na milimita 2.5. Wasu na Sony kuma ramin Multi gare su, sai an haɗa da wayar da ta dace. Panasonic nata tsarin daban ne: a yawancin kyamarorinta rami ɗaya na zum da fara ɗauka, wani na milimita 3.5 na fokas da buɗewar ido. A irin waɗannan kyamarorin, filogin LANC zai shige ramin zum ɗin daram, amma ko motsi ba zai yi ba.

2. Tambayi kanka ko fokas ɗin ma kana bukatarsa. Mai ɗaukar wa'azi ko lacca, inda malam ke zaune wuri guda, zum kaɗai ya ishe shi.

3. Danna maɓallin zum a hankali, sannan da ƙarfi. Mai kyau yana rarrafe idan ka taɓa shi kaɗan, ya ƙara gudu idan ka matsa. Wanda ke fizgar hoto lokaci guda, ni dai ba na ba da shawararsa ko da araha ne.

4. Gwada maƙalinsa a hannun ƙafar kyamararka, ka ga ko ya kama gam. Kamfanonin Manfrotto da Libec da VariZoom duk suna yin irin wannan rimot ɗin.

5. Tafi shago da kyamararka, a jona a gabanka kafin ka biya.