Kurakuran da aka fi yi wajen riƙon motar gudu ƙirar Birtaniya

A kasuwar tsofaffin motoci ta Ingila, mutum zai iya samun Aston Martin V8 Vantage ta farkon fitowa a kan kuɗin da bai wuce na sabuwar motar iyali ba, alhali lokacin da aka fara ƙera ta a Gaydon a 2005 farashinta ya kusa fam 80,000. Wannan arahar ce ke jawo kuskuren farko, domin mai saye yakan haɗa duk abin da ya tara ya zuba wa dillali, ya mance cewa farashin motar ne ya faɗi, amma kuɗin kuloci da birki da taya da ladan bakanike suna nan a matsayin na motar fam 80,000. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gyaran kuskuren shi ne mutum ya fara zuwa garejin da ya ƙware a kan irin motar, ya tambayi kuɗin sabis na shekara da na canjin kuloci da na tayoyi huɗu, ya ware wannan gefe guda, sannan ya yi ciniki da abin da ya rage. Har harajin hanya yana da nasa tarkon: mota mai fitar da hayaki da yawa da aka yi wa rajista daga 23 ga Maris 2006 tana biyan haraji mafi tsada fiye da irinta sak da aka yi wa rajista kafin wannan rana, saboda haka motoci biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a kuɗin riƙo kowace shekara.

Sai kuma ruɗuwa da ƙarancin tafiya. Masu talla sun san cewa idon mai saye yana fara sauka ne a kan ma'aunin mil, shi ya sa suke sa shi a layin farko. Amma motar da ta yi mil 15,000 kacal cikin shekara goma sha biyar, ta yi yawancin rayuwarta ne a tsaye, kuma tsayuwa tana busar da robobin da ke tare mai, tana sa birki ya cije, tana sa man birki ya sha laima. A ganina, motar da ta yi mil 50,000 kuma aka riƙa yi mata sabis kowace shekara ta fi aminci. Abin dubawa shi ne takardu: littafin sabis mai hatimi, rasiɗan gyara, takardar rajista ta V5C, da tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wanda kowa zai iya dubawa kyauta a shafin gwamnatin Birtaniya da lambar motar kawai. A can ake ganin mil ɗin da aka rubuta kowace shekara da abubuwan da mai gwaji ya yi gargaɗi a kansu, kuma idan gargaɗin tsatsa ya bayyana sau uku a jere sannan ya ɓace ba tare da rasiɗin walda ba, akwai abin tambaya. A binciko kuma ko akwai bashi a kan motar, da ko kamfanin inshora ya taɓa sa ta a rukunin S, wato wadda haɗari ya taɓa ƙashin jikinta.

Maganar ƙashin jiki ce ta kawo mu inda ya fi muhimmanci, domin ƙyallin waɗannan motoci yana ɓoye abin da ke ƙasa. Motocin TVR da aka ƙera a Blackpool, irin su Chimaera da Griffith da Cerbera, bodinsu na zaren gilashi ne wanda ba ya tsatsa, amma yana zaune a kan shasi na bututun ƙarfe, kuma gishirin da ake watsawa a titunan Birtaniya lokacin hunturu yana cin bututun da ke gefe, musamman kusurwoyin da ke bayan tayoyin gaba inda laka ke taruwa. Na taɓa tsayawa a ƙarƙashin wata mota a wani ƙaramin gareji, fentinta kamar madubi, kujerunta na ƙamshin fata, bakanike ya ɗaga tocila ya ce wa mai niyyar saye, "Malam, matso ka gani da idonka." Ya danna bakin sukuddireba a kusurwar bututun, sai ga shi ya shige kamar an soka wuƙa a gurasa, garin tsatsa ya zubo masa a hannun riga. Daga ƙasa an shafe wurin da baƙin fenti, daga sama kuwa ya rube. Gyaran gaskiya yakan buƙaci a ɗaga bodi daga kan shasi, aikin da ke cin makonni da kuɗi mai yawa.

Lotus Elise, wadda ta fito daga Hethel a 1996, matsalarta daban ce. Shasinta na alminiyon ne da aka haɗa da gam mai ƙarfi, ba da walda ba, kuma shi ya sa nauyin ta farko bai kai kilo 750 ba. Idan motar ta daki gefen titi da ƙarfi har wurin da ƙafar taya ke ɗaure ya lanƙwashe, ba a miƙe shi da guduma, yawanci sai an canja shasin ɗungurungum. Haka McLaren ta Woking, wadda tun daga MP4-12C ta 2011 ɗakin direbanta kwano ɗaya ne na zaren kabon. Saboda haka kada a saya sai an ɗaga motar sama, kuma wanda zai duba ya kasance ƙwararre a kan wannan samfurin, ba kowane bakanike ba, kuma mai saye ne zai biya shi, ba mai sayarwa ba. Bayan an saya ma, a koyi wuraren da aka tanada don sa jak, domin mai faci da bai sani ba zai iya lotsa ƙasan Elise a cikin minti ɗaya.

Kuskuren da ya fi kashe inji kuwa shi ne gaggawar safe. Mutum ya tayar da mota, ƙarar salansa ta yi masa daɗi, kafin ya fita daga unguwa ya riga ya taka totur har ƙasa. Allurar zafin ruwa tana hawa da wuri, amma bakin mai yana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya yi ɗumi ya saki jiki, kuma shi ne ke kare ƙarfe daga gogar ƙarfe. Injin Speed Six mai silinda shida, wanda TVR ta sa a Tuscan da Tamora da T350 da Sagaris, ya yi suna wajen cinyewar sassan da ke danna bawul a saman inji, kuma masu riƙe shi da kyau ba sa barin ya wuce zagaye 3,000 a minti sai man ya yi zafi, suna yi masa sabis kowane mil 6,000. Injin Rover K-series na Elise ta farko ɗan ruwa kaɗan yake ɗauka, ga lagiretonsa a gaba shi kuma yana bayan direba, don haka hawa da saukar zafi kwatsam na ƙona gasket ɗin kan inji. Maganin ba shi ne a bar mota tana aiki a tsaye na rabin sa'a a ƙofar gida ba, wannan ma wani kuskuren ne. A tayar, a jira kamar minti ɗaya, a tafi a hankali na minti goma sha biyar ko ashirin, sannan a ba ta wuta. Idan kuma motar mai turbo ce kamar McLaren, a sassauta gudu a mil ɗin ƙarshe kafin a kashe ta.

Gajeriyar tafiya ita ce ƙanwar wannan kuskure. Injin da ake tayarwa a kashe bai yi zafi ba yana tara ruwa da fetur a cikin bakin mai. Jaguar XK8 ta shekarun 1996 zuwa 2000 ta nuna wannan a fili, domin rufin Nikasil da ke cikin silindojinta ya riƙa lalacewa inda fetur mai yawan farar wuta ya haɗu da gajerun tafiye-tafiye.

Akwai kuma awon bakin mai, wanda mutane ke ɗauka sun iya. V8 Vantage tana ajiye manta a wani tanki na daban maimakon kwanon da ke ƙasan inji, saboda haka wanda ya zaro sandar awo da sanyin safiya kamar yadda ya saba yi wa Toyota zai ga kamar man ya yi ƙasa, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima. Ana auna irin wannan inji ne jim kaɗan bayan ya yi aiki, bisa matakan da littafin motar ya tsara, kuma man da aka rubuta mata mai kauri ne, 10W-60, ba duk wanda aka samu a kanti ba. Fetur ma haka: tun Satumba 2021 fetur na gama-gari a gidajen man Birtaniya ya koma E10, wato mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke iya cin tsofaffin tiyo na roba kuma yana jan ruwa idan ya daɗe a tanki. Mai tsohuwar mota ya tsaya a kan fetur mai lamba 97 ko sama, ya kuma sa a duba tiyon man, domin suna wucewa kusa da salansa mai zafi.

Kuloci yana ƙarewa ne a gari, ba a babbar hanya ba. Giyar Sportshift ta Vantage tana kama da otomatik ga wanda ke zaune a ciki, amma a ƙarƙashi giyar hannu ce da kwamfuta ke taka wa kuloci, saboda haka jan ƙafa a gosulo, da riƙe mota a kan tudu da totur, da yin ribas zuwa saman gangara duk suna ƙona shi. A bar tazara a gosulo, a tafi gaba ɗaya ko a tsaya gaba ɗaya, kuma idan ƙofar gida tana da tudu, a shiga da gaba.

Lokacin hunturu da yawa sukan kulle motar daga Nuwamba zuwa Maris, su sanar da hukuma ta hanyar SORN cewa ba ta kan titi don su huta da haraji. Wannan ba laifi ba ne, laifin yana ga yadda ake ajiyewa. Wani maƙwabcina ya rufe tasa da tamfol ya tafi hutu, ya dawo ya danna maɓallin buɗe ƙofa da ke ƙarƙashin madubin gefe, shiru, domin ƙofar da lantarki take buɗewa, batir kuma ya mutu murus a cikin motar da ke kulle. Ya yini yana neman hanyar shiga abin da yake nasa. Ƙaramar na'urar caji da ake barin ta a jone da batir ta isa ta hana wannan, sai dai batirin litiyom irin na McLaren yana buƙatar na'urarsa ta musamman, kuma idan ya ƙare ƙurmus zai iya ƙin tashi har abada. A wanke gishiri daga ƙasan mota kafin a ajiye, a tabbata birki ya bushe, a ƙara wa taya iska kaɗan, a saki birkin hannu a sa waigi. Kuma a daina al'adar nan ta tayar da inji na minti biyar kowane mako da sunan kula, domin ita ce gajeriyar tafiyar da aka ambata, sai dai ba a je ko'ina ba.

Taya kuwa ana duba shekarunta, ba zanenta kaɗai ba. Doka ta nemi zurfin zane milimita 1.6, amma tayar da ta shekara takwas na iya cika wannan sharaɗi alhali robarta ta ƙandare. A gefenta akwai lambobi huɗu, 2318 misali na nufin mako na 23 na 2018. Tayar bazara tana rage kama ƙasa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma yawancin TVR ba su da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ko na'urar hana sulɓi, saboda haka ƙafar direba ce kaɗai ke tsakanin bayan motar da shingen titi. Mai birkin kabon kuma ya gargaɗi duk wanda zai cire taya, domin ɗan bugu da bakin ƙarfen taya na iya ɓantare faifan da ya fi tayoyi huɗu tsada.

Iyakar gudu a manyan hanyoyin Birtaniya mil 70 ce a sa'a, abin da waɗannan motoci ke kaiwa tun suna giya ta biyu ko ta uku, shi ya sa masu su ke biyan kuɗi su shiga filayen tsere irin su Silverstone da Brands Hatch da Donington Park a ranakun da ake buɗe wa jama'a. Kuskuren a nan shi ne zaton inshorar titi ta bi mutum har cikin fili, alhali yawancinta ba ta biyan ɓarnar da aka yi a can. A sayi ta rana ɗaya, a canja man birki kafin a je, a kuma faɗa wa kamfanin inshora duk wani canji da aka yi wa salansa ko kwamfutar inji, domin ɓoye shi na iya sa a ƙi biya ranar buƙata.

Wanda kuma ke tunanin sayen irin wannan mota a Ingila ya aika da ita Najeriya, ya tuna cewa sitiyarinta yana dama, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972 kuma ba ta yarda da shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyarin motar da ƙashinta alminiyon ne da gam ko zaren kabon ba aikin da za a ba mai walda ba ne. Ya nemi wadda aka ƙera tun asali don kasuwar Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, ya auna tsayin tudun rage gudu da ke kan layinsu ya kwatanta da tsayin hancin motar daga ƙasa, ya kuma san wanda ke da kwamfutar da za ta karanta injinta kafin jirgin ruwa ya tashi.