Babi na 6: Jakar kyamara da yadda ake shirya ta

Darasi na 1: Siyan jaka

Toh 'yan uwa, duk wanda zai je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi siyan jaka ya tafi da kyamararsa a hannu, ba a auna jaka da ido. Saka ta ciki a gaban mai shagon, ka ɗan girgiza. In kyamarar na yawo a ciki, jakar ta mata girma. Sannan ka matsa jikin jakar da yatsa, in ka ji soso mai kauri madalla, in kuwa yadi ne zalla bar masa kayansa komai arharta. Ni dai na fi son ta ratayawa a kafaɗa ga mai aikin biki ko suna, hannu na kai wa kyamara da wuri, kuma a keke napep tana kan cinyarka kana ganinta.

Darasi na 2: Murfi

Nan ne kowa ke tuntuɓe, sai mu bi a hankali, ba abin kunya bane. Murfi shi ne ɗan baƙin robar nan mai zagaye da ke rufe gilashin gaba, wato lensi. Matsa kunnuwansa biyu, ɗora, saki, sai ka ji ya yi ƙas. In baka ji ƙas ba bai zauna ba, sake.

Kashe kyamara. Sa murfi. Saka a jaka. Ja zif har ƙarshe.

Mu maimaita, kashe, murfi, jaka, zif. Murfi kafin jaka, ba bayan jaka ba. Kun san ƙurar hunturun Bauchi daga Nuwamba har Fabrairu, ƙananan yashi ne a cikinta, in ta zauna kan gilashi ka goge da bakin riga sai ta karce shi, kuma karce baya gyaruwa, sai dai sabon lensi, kuɗin ba wasa ba.

Amma haba jama'a! An faɗa an ƙara faɗa, har yanzu sai ka ga babban mutum da gemunsa ya jefa kyamara tsirara cikin jaka, ga makullin mashin a ciki, murfin kuma na aljihun wando. Murfi ba na aljihu bane dan Allah. Ɗauko taka yanzu ka gwada sau 5, kashe, murfi, jaka, zif. Yauwa, sannu da ƙoƙari, ka ga ai ka iya.

Darasi na 3: Ƙananan kaya

Ƙarin batir mai caji a aljihunsa shi kaɗai, kar ya taɓa makulli ko wani ƙarfe. Katin memori a aljihu mai zif. Ƙyalle mai laushi na goge gilashi. Ɗan farin ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi kar a yar, yana shanye laima, sa shi ciki. Da damina a riƙe leda babba. Fiya wata kam bata shiga jakar nan.

Darasi na 4: Zafi

Kar a bar jaka cikin mota a rana, balle watan Maris da Afrilu. Batir baya son zafi. A ajiye ta a inuwa.