Kurakuran da ke ɓata gwanjon gidaje ta intanet

A gwanjon kasuwa kowa na ganin wanda ya ɗaga hannu, kowa na jin sa'ad da aka ce an sallama. Amma idan aka mayar da gwanjon gida ko fuloti kan intanet, babu shaida sai abin da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta rubuta. Shi ya sa asirin yawancin masu wannan harka ba ya tonuwa sai a minti biyar na ƙarshe, lokacin da kowa ya rufo da tayinsa.

Babban kuskure shi ne agogo. Masu haɗa manhaja da yawa suna barin wayar mai saye ta ƙirga lokacin da ya rage, alhali wayar wani tana gaba, ta wani tana baya. Mutum ya ga saura sakan 10, ya danna, sai a ce masa an rufe. Gida ne na miliyoyi, wallahi ba zai haƙura ba. Gyaran shi ne agogon sabar kaɗai ne alƙali: a riƙa daidaita shi da NTP, tsarin da ke saita agogon kwamfuta ta intanet, a adana lokacin kowane tayi bisa UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sannan a nuna wa kowa lokacin garinsu. Najeriya ba ta juya agogo, amma mai taya daga Landan agogonsa ɗaya da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kuma yana baya da awa guda. Ni a ganina ma rufewa tsit a kan sakan ɗaya ba ta dace da gwanjon gida ba. Idan tayi ya shigo a minti biyu na ƙarshe, a ƙara wasu biyun, har kowa ya yi shiru. Wannan yana kashe kasuwar masu laɓewa su yi wuf.

Sai tayi biyu da suka faɗo tare. Idan rumbun bayanai bai kulle kayan ba yayin da yake rubuta tayi ɗaya, kowanne zai samu saƙon "kai ne kan gaba". A jera su bi da bi, kuma kundin tayi ya zama wanda ake ƙarawa kawai. Ko mai kamfanin kada ya iya gogewa.

Dogaro da layin intanet ɗaya ganganci ne. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Layi biyu ba su da amfani idan hanyarsu ɗaya; a haɗa faiba, wato intanet na waya, da wani abu daban kamar Starlink mai amfani da tauraron ɗan'adam. A kuma rubuta a ƙa'idojin gwanjo abin da za a yi idan shafi ya faɗi.

Wuta kuwa ba sai an faɗa ba. Kawai dai a tuna, kafin janareto ya tashi na'urar rarraba intanet ta mutu, ita ma a sa ta a UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta.

Akwai masu ajiye kwafin bayanai a ginin da sabar take. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin adana bayanai na OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wurin suka rasa duka. A ajiye kwafi a wani gari, kuma a riƙa gwada dawo da shi.

Takardun mutane ma, hoton NIN da shaidar mallaka da rasit ɗin kafin alƙalami, sau da yawa a buɗe ake zuba su, duk mai adireshin fayil ya gani. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan kamfani. A rufe su da makulli, a kuma rubuta sunan duk ma'aikacin da ya buɗe da lokacin da ya buɗe.